Ƙuri'ar Birtaniya ta 2016: "Raba Gardama" ce ko "Neman Shawara"?

Assalamu alaikum malaman Hausa, 'yan jarida da masu fassara. Ina so mu haɗa baki a kan kalmar nan da Turawa ke kira rafarandam. Gidajen rediyonmu sun daɗe suna ce mata "ƙuri'ar raba gardama", wani lokaci kuma "ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a", kamar duk abu ɗaya ne. A ganina akwai bambanci, kuma ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ce ta fi fito da shi fili.

Ranar 23 ga Yunin 2016 aka jefa ƙuri'ar. Mutum miliyan 17.4 suka ce a fice, miliyan 16.1 suka ce a zauna, wato kashi 51.9 da kashi 48.1 cikin ɗari. Wanda duk ya ji an ce "an yi ƙuri'ar raba gardama, masu son ficewa sun yi nasara" zai ɗauka magana ta mutu ke nan. Amma ƙasar ba ta fice ba sai ranar 31 ga Janairun 2020. A tsakani Firaminista David Cameron ya sauka, Theresa May ta hau ta sauka, an yi babban zaɓe sau biyu, Kotun Ƙoli ta ka da gwamnati sau biyu. Mai sauraro a Kano ko Maraɗi yana da gaskiya idan ya tambaya: to me kuma ake jira? Sunan da muka ba ƙuri'ar ne ya ɓoye masa amsar.

Idan mai saye da mai sayarwa suka yi musu kan nauyin buhu, sai a ɗora shi a sikeli, abin da allura ta nuna shi ke nan, kowa ya yi shiru. Wannan shi Bahaushe ke nufi da raba gardama. Ƙuri'ar 2016 kuwa ba ta da wannan ƙarfi a dokance. Dokar da majalisa ta kafa a 2015 ta faɗi tambayar da za a yi da waɗanda suka cancanci jefa ƙuri'a, amma ba ta ce uffan ba game da abin da za a yi da sakamakon. Kuma ba wai majalisar ba ta san yadda ake ɗaure gwamnati da sakamako ba ne. A 2011, da aka tambayi jama'a ko a sauya tsarin zaɓen 'yan majalisa, dokar ta tanadi yadda za a aiwatar da sauyin idan masu cewa "e" suka yi rinjaye. A 2015 ba a sa irin wannan tanadi ba.

Da gwamnatin May ta so ta aika wa Brussels, hedikwatar Tarayyar Turai, takardar ficewa da kanta, da ikon da ministoci ke aiki da shi a lokacin da sunan Sarauniya, sai wata 'yar kasuwa, Gina Miller, ta kai ƙara. Ranar 24 ga Janairun 2017 alƙalan Kotun Ƙoli takwas cikin goma sha ɗaya suka ce gwamnati ba ta isa ba. Majalisa ce ta kafa dokar 1972 da ta shigar da dokokin Turai cikin dokokin ƙasa, ta ba mutane haƙƙoƙi, don haka minista ba zai kwashe su shi kaɗai ba. Sai da majalisa ta yi sabuwar doka kafin May ta aika takardar ranar 29 ga Maris.

Ga abin da nake kawowa gabanku. Mu bar "ƙuri'ar raba gardama" ga wadda doka ta ce sakamakonta dole ne a bi shi. Irin ta 2016 mu ce mata "ƙuri'ar neman shawarar jama'a". "Jin ra'ayin jama'a" kuma mu sakar wa kamfanonin da ke buga wa mutum dubu ɗaya ko biyu waya kafin zaɓe, domin aikinsu ke nan.

Wata malamar Hausa ta amsa: "Malam, ban gamsu ba. Shawara ai ana iya ɗauka ana iya bari. Gwamnatin Cameron ta raba takarda gida-gida tana alƙawarin za ta aiwatar da duk abin da jama'a suka zaɓa. Idan ka ce shawara, ka rage wa mutum miliyan 17 daraja."

Malama, ranki ya daɗe, wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a kaina, kuma maganar takardar gaskiya ce. Sai dai alƙawarin gwamnati daban, doka daban, kuma gwamnatin da ta yi alƙawarin ba ta yi wata guda a kan mulki ba bayan ƙuri'ar. Na yarda shawarar miliyoyin masu zaɓe ba irin wadda ɗan siyasa zai yi wa kunnen uwar shegu ba ce. Shi ya sa a watan Fabrairun 2017 'yan majalisa 498 suka goyi bayan a fara shirin ficewa, 114 kawai suka ƙi, alhali yawancinsu a 2016 zama suka so a yi. Tsoron masu zaɓe ne da ganin girman alƙawari suka sa su, babu dokar da ta tilasta musu. Ina son sunan da zai bar wa mai karatu wannan bambanci a buɗe.

Wani dattijo daga Damagaram ya rubuto: "Ɗana, mu nan tun tuni zaɓen raba gardama muke cewa. Na Tandja a 2009 fa, wace gardama ya raba?"

Baba, Allah ya ƙara girma. Na 4 ga Agustan 2009, wanda Shugaba Tandja ya kira a Nijar, kan sabon tsarin mulki aka yi shi, kuma irin wannan da zarar an amince sakamakon kansa ke zama doka, don haka a ajinsa na raba gardama yake. Ko an yi shi bisa ƙa'ida wata magana ce, tunda sai da aka rushe majalisa da kotun tsarin mulki kafin a kai gare shi. Sunan yana faɗin matsayin ƙuri'a a doka ne, ba ya ba da tabbacin mutane za su daina jayayya.

Akwai kalma ta biyu da ba za mu fahimci ta farko ba sai da ita, wato aƙidar nan ta Birtaniya cewa babu abin da ke sama da majalisa wajen doka. Na ga ana rubuta "'yancin majalisa", wanda Bahaushe zai fahimta a matsayin gwamnati ba ta yi mata katsalandan. "Rinjayen majalisa" yawan kujeru yake kawo wa mutum a rai. "Diyauci" kuma na ƙasa ne a gaban sauran ƙasashe. Abin da ake nufi shi ne majalisar Westminster, wato ta Birtaniya, na iya kafa kowace doka, ta soke kowace doka, babu kotun da za ta jefar da dokar da ta kafa, kuma majalisar yau ba ta ɗaure hannun ta gobe. Mu a Najeriya ba mu san wannan ba, domin sashe na 1 na tsarin mulkin 1999 ya ce shi ne a sama, duk dokar da ta saɓa masa ba ta da tasiri. Birtaniya ba ta da kundi guda irin wannan. Ni na tsaya a kan "ikon ƙoli na majalisa", tunda kunnenmu ya riga ya saba da Kotun Ƙoli. Wajen bayani da baki kuma sai a ce majalisa ke da wuƙa da nama.

A 2019 aka ga wannan iko muraran. Ranar 15 ga Janairu majalisa ta yi watsi da yarjejeniyar ficewar da May ta kawo, ƙuri'a 432 da 202, ta sake ƙin ta sau biyu a watan Maris. Da Boris Johnson ya hau, 'yan majalisa suka kafa doka a watan Satumba da ta tilasta masa roƙon ƙarin lokaci idan ba a cimma yarjejeniya ba. Ya sa aka dakatar da zaman majalisa na kusan mako biyar. Ranar 24 ga Satumba shugabar Kotun Ƙoli, Brenda Hale, ta karanta hukuncin alƙalai goma sha ɗaya, bakinsu ɗaya, cewa dakatarwar haramtacciya ce, washegari 'yan majalisa suka koma kujerunsu. A watan Oktoba Johnson ya aika takardar neman ƙarin lokacin ba tare da ya sa mata hannu ba, amma dai ya aika. Abin da ya kashe maganar shi ne zaɓen 12 ga Disamba, inda jam'iyyarsa ta samu kujeru 365 cikin 650. Sai da aka sauya mutanen da ke zaune a majalisa sannan ƙofa ta buɗe, kuma wannan ne dalilin da ya sa nake ƙin ba ƙuri'ar 2016 sunan raba gardama.

Za mu sake buƙatar kalmomin nan, domin maganar Sikotilan na nan tafe. A 2014 kashi 55 cikin ɗari na mutanenta suka ƙi ɓallewa daga Birtaniya, a 2016 kuma kashi 62 suka so a zauna a Tarayyar Turai, aka fita da su ba da son ransu ba. Da gwamnatin Sikotilan da ke Edinburgh ta nemi sake tambayar jama'a, hujjar da aka gabatar a kotu ita ce ƙuri'ar ta neman shawara ce kawai, ba za ta sauya ko doka ɗaya ba. Ranar 23 ga Nuwamban 2022 Kotun Ƙoli ta ce ko da ta shawara ce, nauyinta a siyasa zai taɓa haɗin kan ƙasar, don haka sai da izinin Westminster. Malama, a nan kotu ta ɗauki rabin maganarki. Amma duk ɗan jaridar da ke da "raba gardama" kaɗai a bakinsa, ku faɗa mini yadda zai ba da labarin wannan shari'a da Hausa mai sauraro ya gane abin da ake jayayya a kai.