Bayan tafiyar sojan Faransa, kayan da Chadi ke saye sun isa kuwa?

Ɗan Kusiri:
Salamu alaikum jama'a, tambaya gare ni musamman ga 'yan uwa na tsallaken gada. Tun da gwamnatin Mahamat Deby ta soke yarjejeniyar tsaro da Faransa ranar 28 ga Nuwamba 2024, Faransa ta miƙa sansanin Faya, ta miƙa na Abeshe, ƙarshen Janairu 2025 kuma aka miƙa sansanin Adji Kossei na Njamena, toh yanzu wa ya cike gurbin? Ina ta jin maganar jirage marasa matuƙi na Turkiyya. Mu nan Kamaru abin ya dame mu ne don in Chadi ta yi rauni a bakin Tafkin Chadi mu ne farkon ji a jiki. An shirya ne ko dai an yi gaggawa?

Abu Fatima, Njamena:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ni kam ban ga gaggawa ba, ai ma an makara. Sojan Faransar nan kusan dubu ɗaya sun daɗe zaune mana, ƙarar jiragen yaƙinsu na Mirage kullum a kanmu har yara sun saba, amma a Maris 2020 Boko Haram ta kashe mana soja kusan ɗari a Bohoma suna nan ƙasar fa. Sai a 2019 da 'yan tawayen UFR suka shigo daga Libiya ne jiragensu suka tashi nan take suka yi ruwan bom, kaga kenan kujerar mulki suke gadi ba talaka ba. Kuma ba a zauna hannu rabbana ba, a 2023 an karɓo ƙananan jiragen yaƙi na Hürkuş uku da marasa matuƙi na Anka biyu daga Turkiyya, Daular Larabawa ma ta kawo motoci masu sulke a shekarar. Kayanmu ne, ba sai mun roƙi izinin kowa ba kafin su tashi.

Tsohon Makanike:
Abu Fatima na yarda da kai a batun 'yanci, amma bari in faɗa maka abin da na sani a sana'ata, sayen inji ba wuya, riƙe shi ne aiki. Jirgin yaƙi bayan wasu awoyi na tashi dole a sauke shi a buɗe a duba, kuma ƙaramin abu guda in ya lalace babu shi a sito toh jirgin ya zauna kenan wata da watanni ana jiran a aiko daga ƙasar da ta ƙera. Jiragen yaƙi na Su-25 ɗin da aka sayo daga Yukiren tun zamanin marigayi Idriss Deby, yau Yukiren tana cikin nata yaƙin, wa zai saurare ka da batun kayan gyara? Kuma ku tuna guguwar Yuli 2017 da ta lalata jirage da helikwafta a filin Njamena suna ajiye, ba a yaƙi ba. Yanzu ga na Turkiyya ga na Rasha ga na Larabawa, kowanne da irin kayansa da irin horonsa. Abin da nake so in ji shi ne yaranmu nawa aka tura suka koyo gyaran, in babu wannan a cikin kwangila wlh mun canza maigida ne kawai.

Mai Banda, Bulangwa:
Baba Makanike Allah ya ƙara girma, ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ku zo ku ga tafkin nan, ciyawa ta fi mutum tsawo, hanyar ruwa wani wurin kwalekwale ɗaya kawai ke iya ratsawa da gora, 'yan Boko Haram sun san kowane lungu. Daga sama ta yaya za a bambance masunci da ɗan ta'adda? Bayan harin Barkaram na Oktoba 2024 da aka kashe soja wajen 40, an yi zargin bom ya faɗa kan masunta, gwamnati ta musanta, amma tsoron bai bar zukatan mutane ba har yau. Mu jiragen ruwa masu inji muke buƙata da soja da za su zauna a tsibirai. Sannan rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen yankin tafkin mai hedkwata a Njamena, da sassanta a Mora da Baga Sola da Monguno da Diffa, ita ce ke hana su tsallake iyaka su ɓuya, ga shi Nijar ta fice a Maris 2025, shi ma Deby ya taɓa barazanar fita. Wannan ya fi tafiyar Faransa tayar min da hankali.

Ɗan Kusiri:
Gsky Mai Banda, ban manta 2015 ba da sojan Chadi suka ratsa ta garinmu zuwa Fotokol har suka ƙwato Gamboru, mutane suka fito bakin titi suna musu addu'a. Abu Fatima don Allah kai da ke kusa, a ɓangaren jiragen ruwa akwai abin da ka ji an sayo?