Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ko har da sayen taki?

Bakabe: Salamu alaikum. Jiya an kusa ba hammata iska a taron ƙungiyarmu ta manoman shinkafa a Argungu. Ciyaman ya kwashi kuɗin asusu ya sayo taki bai faɗa wa kowa ba. Wani yaronmu da ya gama jami'ar Aliero ya miƙe ya ce wannan "unilateral" ne. Baba Liman ya ce a'a, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi kuwa ciyaman ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake mai yoyo. To yaron da Baba Liman abu guda suka faɗa?

Ɗan Jega: Wa alaikumus salam. Ba guda ba ne. Turancin zargi ne, wato ka yi gaban kanka alhali akwai masu haƙƙi. Karin maganar kuwa gazawa take faɗi, ba za ka iya ba. Ciyamanku ai ya iya, tunda ga taki a ƙasa.

Malamin Tarihi: Asalin kalmar Latin ne, gefe ɗaya ke nan. Ita aka liƙa wa abin da firaminista Ian Smith ya yi a Rodeshiya (Zimbabwe ta yanzu) ran 11 ga Nuwamba 1965, da ya shelanta 'yancin kai ba da yardar Ingila ba. Da Baba Liman ya ce shawara ɗaukar ɗaki, da ya fi kusa.

Na Gwandu: Malam, Sarkin Kabi Kanta ma bai nemi izinin Askiya, sarkin Songhai, ba da ya ɓalle daga daularsa ya gina birnin Surame. Shi jarumi, ciyaman ɓarawo?

Bakabe: Kai Bafillace, fitar da Kanta daga maganar taki.

Hajiya 'Yar Augie: Ku tsaya ku ji. Kakarmu Inna, Allah ya jiƙanta, da mijinta ya rasu jinkar ɗakinta ta ruɓe. Ta sa aka ɗaure sabuwa a ƙasa, ta kira gayya, ta dama fura ƙwarya uku har da nono mai kauri. Maza suka zo suka shanye, suka dubi rana suka ce ta yi zafi, sai gobe. Gobe ta zama jibi. Ranar ta huɗu hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Inna ta ci ɗamara, ta kwance jinkar nan kaf, ta kafa turmi ta hau katanga. Sanda ɗaya ɗaya ta riƙa ɗaurewa a sama, sannan ta bi da shuci. Kafin magariba ta shige ɗakinta, ruwa ya sauko. Har ta bar duniya, in aka faɗi karin maganar nan gabanta sai ta taɓe baki ta ce, "Wanda ya faɗe ta bai taɓa ciyar da 'yan gayya ba."

Ɗan Jega: Allah ya jiƙan Inna. Amma Hajiya, wa ke miƙa mata sandunan tana bisa katanga?

Hajiya 'Yar Augie: Mahaifiyata, tana 'yar shekara tara.

Ɗan Jega: To hannu huɗu ke nan.

Hajiya 'Yar Augie: Ɗana, je ka faɗa wa waɗanda suka sha furar.

Na Gwandu: Waɗannan 'yan gayyar na san jikokinsu. Lokacin zaɓe mu ne jinka mu ne hannu, in an rantsar da su sai lambar waya ta canza. Wani ko ta'aziyya sai dai ya aiko direba.

Mai Homa: A kogin Matan Fada, ranar bikin kamun kifi na Argungu, dubban mutane ke faɗawa ruwa lokaci guda, amma kowa da homarsa da gorarsa, kuma mutum ɗaya ake ba kyautar babban kifi. Wannan gayya ce ko kowa tasa ta fisshe shi?

Malamin Tarihi: Kun bar tambayar Bakabe a hanya.

Bakabe: Bari kawai Malam. Yanzu aka kira ni, wai taki ya ƙara kuɗi a kasuwa, waɗanda suka fi kowa ɗaga murya jiya su ne gaba a layin karɓar buhu.

Na Gwandu: Har da mai Turancin?

Bakabe: Buhu biyu ya ɗora a kan mashin. Hajiya, shucin nan Inna da kanta ta yanko shi ko saye ta yi?