Tafiya da tokar mamaci a jirgi zuwa wata ƙasa, ya ake yi?

Maman_Twins: Jama'a don Allah a taimaka. Surukina ya rasu a Amurka, an ƙona gawar kamar yadda ya bar wasiyya, yanzu maigidana ne zai kai tokar ƙasarsu. A jakar hannu ake sawa ko a babban akwati? Kuma wane takardu ake nema, kanmu ya ɗaure wallahi.

Matafiyi77: Sannunku da haƙuri. Jakar hannu zai sa, akwati yana iya ɓata a hanya, shi kuwa wannan in ya ɓata ai babu madadinsa. Babbar matsalar ita ce mazubin tokar, dole na'urar eksire ta ga abin da ke ciki, in ƙarfe ne mai kauri ko dutse hoton baya fita, kuma jami'an TSA, masu binciken tsaro a filayen jirgin Amurka, basa buɗewa ko shi ya roƙe su, kawai hanawa zasu yi ya wuce. Ya samu na roba ko katako mara nauyi, tokar babban mutum kilo 2 zuwa 3 ce kawai.

Baban_Ilham: Satifiket ɗin mutuwa da takardar wurin da aka ƙona, ya riƙe orijinal da fotokofi. Ya kira kamfanin jirgin tukuna, kowa da dokarsa.

Matafiyi77: Af na manta, wace ƙasa ce? Ku tambayi ofishin jakadancinsu, wasu sai an fassara takardun. A yawancin jihohin Jamus ma doka bata yarda a ajiye toka a gida ba, sai maƙabarta.

Maman_Twins: Na gode sosai, Indiya ce. Mazubin namu na tagulla ne kuwa, gobe za a canza.