Abin da aka tattauna kan ƙarar bushin bayan Hilux

Na bi maganganun da aka yi kan yadda za a magance ƙarar da bushin bayan motar Hilux ke yi (bushi shi ne robar da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe a inda sifirin ke haɗe da jikin mota), ga abin da na tsinta:

1. Kafin a sayi komai, a gano inda ƙarar take. A sa wani ya riƙa danna bayan motar, kai kuma ka watsa ruwa a bushin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi shiru da ruwa ya taɓa shi, shi ne mai laifin. Wani lokacin ma ba bushin ba ne, ƙurar hunturu ce ta shige tsakanin ganyen sifirin.

2. Kowa ya yarda: kada a zuba wa robar baƙin mai, kumbura ta yake yi ta ruɓe. Giris na silikon ake sawa.

3. Idan robar ta tsage, canji kawai, hagu da dama tare.

4. Kada a ƙarasa ɗaure notin bushin alhali mota na kan jak. A sauke ta ƙasa tukuna, in ba haka ba sabuwar robar za ta murɗe ta yage da wuri. Nan makanikai da dama ke yin gaggawa.

Inda aka rabu: wasu sun ce bushin foliyuritan (wani abu mai kama da roba amma ya fi ta tauri) ya fi jure hanyar ƙauye, wasu sun ce in giris ɗinsa ya bushe ya fi roba kuka. Ni dai roba nake sawa.