Muhawara: Shin nauyin bais ne ingancinsa?

Manomin rani daga Kura:
Assalamu alaikum. Ina so in kafa bais, wato abin nan na ƙarfe mai muƙamuƙi biyu da ake ɗaurewa a teburi ya matse abin da ake aiki a kansa, a rumfar da nake ajiye injin ban-ruwa, domin in daina kai kowane ƙaramin gyara bakin titi. Aikin da zan riƙa yi bai wuce yanka bututu, wasa bakin fartanya, kwance notin da tsatsa ta cinye, da gyaran ƙarafunan garmar shanu ba. Wani dattijo mai sayar da tsofaffin kayan aiki a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano ya ce mini kada in wahalar da kaina da tambaye-tambaye, in ɗaga kowanne da hannuna, wanda ya fi nauyi shi ya fi inganci, kuma tsoho ɗan Ingila ya fi kowane sabo da ke kanti. Ina neman ra'ayin masu sana'a kafin in fitar da kuɗina.

Maƙeri daga Ringim:
Wa alaikumus salam. Ɗana, dattijon nan bai yaudare ka ba. Bais marar nauyi yana rawa a ƙarƙashin zarto, kuma duk wanda ya taɓa goge ƙarfe a kan abin da ke rawa ya san cewa rabin ƙarfinsa a iska yake tafiya. Kamfanin da ya yi rowar ƙarfe a jikin bais ba zai yi kyauta a sukurunsa ko a notinsa ba, saboda haka nauyi shaida ne na halin wanda ya ƙera shi. Ka nemi tsohon bais na kamfanin Record, wanda aka yi a birnin Shefil na Ingila. Mai lamba 3 bakinsa inci 4 ne, mai lamba 6 kuma inci 6, kuma har yau ana cin karo da waɗanda suka girmi masu aiki da su suna nan suna riƙe ƙarfe ba tare da sun saki ba.

Mai walda daga Haɗeja:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ina da ja a kan wannan magana. Mu ne ake kawo wa bais idan ya karye, kuma mafi yawan waɗanda ake sauke mini daga bayan babur manya ne masu nauyi, irin waɗanda sai mutum ya yi nishi kafin ya ɗaga. Dalili kuwa shi ne da ƙarfen zubi aka yi su, wato kas, wanda ba ya lanƙwasa balle ya yi wa mai shi gargaɗi, sai dai ya fashe lokaci guda kamar tukunyar ƙasa. Idan ka dubi wurin da ya karye za ka ga launin toka mai tsakuwa-tsakuwa, idan ka shafa yatsa kuma ya fito da baƙi. Kusan kullum a wuri ɗaya yake karyewa, wato a wuyan muƙamuƙin da ke motsi, inda ya haɗu da sandar da ke shiga cikin jikin.

Gyaransa ma wahala ne. Sai an gasa shi da wuta kafin a fara, a yi amfani da rodin walda mai nikel wanda ya fi rodin yau da kullum tsada nesa ba kusa ba, sannan a binne shi cikin toka ko busasshen yashi ya huce a hankali, kuma bayan duk wannan ɗawainiya ba na iya yi wa mai shi alkawarin cewa zai koma yadda yake.

Malamin koyar da aikin ƙarfe daga Kazaure:
Abin da ɗan'uwa mai walda ya gani da ido yana da bayani a ilmance. Ƙarfen da ake yin bais da shi iri uku ne a galibi. Akwai kas mai launin toka, wanda a cikinsa akwai girafait, wato sinadarin bakin fensir, a shimfiɗe kamar ɓawo-ɓawo, kuma kowane ɓawo tamkar ƙaramar tsaga ce da ke jiran a matsa mata. Shi ne baƙin da ke fitowa a yatsa. Irin wannan ƙarfe yakan jure ja na kimanin nauyin fam 30,000 a kan kowane murabba'in inci. Akwai kuma kas mai danƙo, wanda aka gano a Amurka a 1943, inda ake zuba ɗan magniziyam a narkakken ƙarfen sai girafait ɗin ya dunƙule ya zama ƙwallaye, tsaga ta rasa hanyar bi. Wannan yakan kai fam 60,000 ko sama da haka, kuma yana ɗan lanƙwasa kafin ya karye. Na uku shi ne ƙarfen da aka ƙera da duka yana da zafi, kamar yadda kamfanin Heuer na Jamus ke yin nasa.

To ga inda maganar nauyi take samun matsala. Tunda kas mai toka ba shi da ƙarfin ja sosai, dole mai ƙera shi ya ƙara masa kauri kafin ya jure aiki, alhali bais ɗin Heuer siriri ne, bai kai takwaransa na kas nauyi ba, amma ya fi shi jure wahala. Wanda ya dogara da ɗagawa da hannu kaɗai zai ajiye mai ƙarfin ya ɗauki mai rauni yana murna. Kuma, Baba, waɗannan Record masu lamba 3 da 6 da ka ambata su ma da kas mai toka aka zuba su.

Maƙeri daga Ringim:
Malam, na ji karatu, Allah ya ƙara sani. Amma ka ba ni hujja ne da kanka ba tare da ka lura ba. Idan kas mai toka ne, kuma ya yi shekaru masu yawa yana aiki, ashe kenan ba ƙarfen ne ke da laifi ba, masu amfani da shi ne. Ka tambayi mai walda yadda waɗannan da ake kawo masa suka karye. Ina da tabbacin zai ce maka wani ne ya zura bututu a hannun bais don ya ƙara ƙarfin matsewa, ko ya ɗora ƙarfe a kai ya dinga narka masa masaba. Tsawon hannun da aka yi wa bais ma'auni ne, wanda ya ƙera shi ya auna ƙarfin da jikin zai iya ɗauka ne ya yanke hannun daidai da haka.

Sannan ina tambaya, yaron nan da zai tsaya a gaban tarin ƙarafuna a Ƙofar Ruwa, ta yaya zai bambance mai danƙo da mai toka? Fenti ɗaya ne a jikinsu. Bais ɗin Jamus da kake yabo kuwa, sau nawa yake zuwa kasuwanninmu, kuma idan ya zo, manomi nawa ne zai iya sayensa? A cikin abin da zai tarar a gabansa, kusan duka kas ne, kuma idan duka kas ne, mai kauri ya fi marar kauri.

Mai walda daga Haɗeja:
Maganar bututu gaskiya ce, Baba, ban musa ba. Sai dai kauri ma ana yin ha'inci da shi. An taɓa kawo mini wani sabon bais mai sheƙi wanda da na kankare fentin sai na tarar da ramuka a jikin zubin, an cike su da irin kwaɓin da masu gyaran jikin mota ke rufe lotsawa da shi. Nauyinsa bai ragu da yawa ba, amma cikinsa kogo ne. Saboda haka nake ba ɗan'uwanmu shawarar ya tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu, ya bi jikin da shi, duk inda ya ji kamun ya yi rauni ya san akwai abin da aka ɓoye.

Tsohon ma ba a sayensa don tsufansa. Ya murɗa hannun har bais ɗin ya buɗe gaba ɗaya, ya dubi zaren sukurun ko ya cinye, ya lura ko hannun yana zagayawa da yawa kafin muƙamuƙin ya motsa, domin wannan alama ce ta notin ciki ya gaji, kuma samun madadinsa a nan ba abu ne mai sauƙi ba. Ya kama muƙamuƙin ya girgiza shi hagu da dama. Daga nan ya rufe shi a kan takarda, ya ja ta gefen dama ya ja ta gefen hagu, idan ta zare a gefe ɗaya to bakin ya karkace. Tsohon bais da aka yi wa sabon fenti mai kauri kuwa ni tsoronsa nake ji fiye da mai tsatsa, saboda tsatsa ba ta ɓoye walda.

Bakaniken babura daga Wudil:
Ina ganin an tafi wajen ƙarfe an manta da girman aikin. Mai yanka bututun ban-ruwa da wasa fartanya ba ya bukatar inci 6, inci 4 ko 5 ya wadatar da shi. Ina kuma ba da shawarar mai gindi mai juyawa, domin rumfa ƙarama ce, kuma bututu mai tsawo sai an juya shi kafin ya sami wuri.

Malamin koyar da aikin ƙarfe daga Kazaure:
A girman na yarda da kai, amma gindi mai juyawa yana da farashinsa, domin ƙananan kusoshi biyu ne, wani lokaci ma ɗaya, ke riƙe da shi, kuma idan aka zo kwance noti mai taurin kai shi ne ke fara zamewa. Akwai kuma batun ƙurarmu. Bais ɗin da sukurunsa ke a fili yana tara ƙurar hunturu da garin ƙarfe, su haɗu da giris su riƙa cin zaren a hankali, don haka wanda sukurunsa ke ɓoye cikin jiki ya fi dacewa da rumfar da ba ta da bango.

Abin da ya fi damuna shi ne ban ji wanda ya yi maganar kafawa ba, alhali rawar da Baba ya yi kuka da ita sau da yawa daga teburi take, ba daga bais ba. A kafa shi a kan ƙafar teburin, ba a tsakiyar katako ba, da kusoshi masu noti da suka ratsa katakon har ƙasa, a bar muƙamuƙin baya ya ɗan wuce bakin teburin domin dogon ƙarfe ya iya sauka a tsaye. Samansa kuma ya yi daidai da gwiwar hannun mai aiki idan yana tsaye. Inda ake fama da gara, ya fi kyau a binne kakkauran bututu da siminti a walda masa faranti a kai.

Manomin rani daga Kura:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya. Ƙarfen garma yakan lanƙwashe idan ya ci karo da saiwa, kuma ina so in riƙa miƙe shi da kaina. Wanne ne daga cikin waɗannan zai ɗauki dukan?

Maƙeri daga Ringim:
Babu ko ɗaya, ɗana, har da wanda nake yabo. Bais ɗin da aka yi domin duka daban yake, shi ne namu na maƙera mai doguwar ƙafa da ke sauka har ƙasa, wanda aka ƙera shi ba zuba shi aka yi ba, kuma sukurunsa a sake yake a cikin gidansa yadda dukan zai bi ƙafar ya tafi ƙasa bai taɓa zaren ba. Idan ba ka same shi ba, ka nemi guntun ƙarfe mai kauri ka ɗora a kan gungume ya zama maƙerarka, ko ka kai garmar wurin maƙerin garinku ya sa mata wuta, domin ƙarfen garma da aka miƙe da sanyi yana iya tsagewa. Malam da mai walda kuma, har yanzu ina nan a kan bakana, idan aka ajiye mini biyu masu ƙarfe iri ɗaya da lafiyayyen sukuru, mai nauyin zan ɗauka.

Mai walda daga Haɗeja:
Da wannan sharaɗin, Baba, ni ma shi zan ɗauka, amma ba haka dattijon Ƙofar Ruwa ya faɗa wa ɗan'uwanmu ba, shi cewa ya yi a ɗaga kawai a biya.