Shin kullen korona da allurar nan sun amfane mu kuwa, ko wahala kawai muka sha?

Ɗan_Kwari

Assalamu alaikum jama'a. Musu ne ya kaure tsakanina da maƙwabcin shagona har yanzu bamu daidaita ba, shine nace bari in kawo nan ko a samu masu sani su raba mu. Shi yace duk wahalar da muke ciki a kasuwa daga kullen korona ta faro kuma dama cutar ta masu kuɗi ce, ni kuma na yarda akwai cutar don naga abinda ya faru a Kano watan azumin 2020, amma abinda ban gane ba shine yadda aka rufe mu. Mutum yana da iyali, abinda zai ci yau sai ya fita yau, ka rufe shi a gida kace Litinin da Alhamis kawai zai fito daga goma na safe zuwa huɗu na yamma, to ranar da aka buɗe ɗin ai cunkoson da ake yi a kasuwa ya fi na kullum sau nawa, ina tazarar take? Mu masu atamfa da shadda kakar sallah ita ce shekarar mu, waccan shekarar ta 2020 kaya suka kwana a shago, baƙinmu na Nijar da Chadi da Kamaru babu wanda ya shigo, wanda ya ɗauki kaya bashi ya kasa biya, da yawa daga yaran shago daga lokacin suka koma tuƙa adaidaita sahu basu dawo ba. Tambayata uku ce a haɗe, kullen yayi amfani? Allurar da aka matsa mana ta zo akan lokaci? Sannan tiriliyoyin da muka riƙa ji a rediyo na farfaɗo da tattalin arziki ina suka shiga? Dan Allah banda zagi, mai hujja ya kawo.

Malamin_Asibiti

Wa alaikumus salam Alhaji. Ni ma'aikacin lafiya ne a matakin ƙaramar hukuma, dani akayi aikin allurar, zan faɗi abinda na sani.

Maganar cewa ta masu kuɗi ce na gane inda ta samo asali, wanda aka fara samu da ita 27 ga Fabrairu 2020 baturen Italiya ne a Legas, daga nan sai aka ji gwamnan Bauchi Bala Mohammed, sai El-Rufai, sai Abba Kyari ya rasu 17 ga Afrilu, dole talaka yace ai wannan ta masu hawa jirgi ce. Amma gwajin ne bai kai ga talaka ba, cutar kam ta kai. A watan Afrilun nan masu haƙar kabari a Kano su suka fara kuka cewa gawa tayi yawa tun kafin hukuma ta amsa, farko aka ce mana zafi ne da hawan jini da ciwon suga da maleriya, daga baya ministan lafiya na lokacin Osagie Ehanire da bakinsa ya faɗi cewa mutum 979 aka ƙirga kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari suna da alaƙa da korona, yawanci dattawa. Kuma a daidai wannan lokacin ɗakin gwajin Kano ya tsaya da aiki na wasu kwanaki, asibitocin kuɗi da dama suka ja ƙofa, mai ciwon suga da mai hawan jini suka rasa inda zasu, don haka wasu cutar ce ta kashe su wasu kuma tsoron cutar.

Kullen kuwa ra'ayina shine an kwafo shi ne daga ƙasashen da gwamnati ta san adireshin kowa tana iya tura mishi kuɗi a akawun. Amfaninsa ɗaya na gani, ya bada ɗan lokaci aka ƙara ɗakunan gwaji, don lokacin da cutar ta shigo basu fi a ƙirga da yatsun hannu ba a duk ƙasar kuma babu ko ɗaya a nan yankin namu. Amma abu mafi muni da akayi shine kwashe almajirai a motoci ana maida su jihohinsu a daidai lokacin da aka ce an hana zirga-zirga tsakanin jihohi, Kaduna ta gwada waɗanda aka kawo mata daga Kano ta samu da yawa suna ɗauke da ita, wato da hannunmu muka raba ta.

Allura kuma bata zo da wuri ba, 2 ga Maris 2021 kashin farko ya sauka Abuja, AstraZeneca wajen miliyan 4 ta hanyar COVAX, wato shirin duniya na raba wa ƙasashe allurar, ga ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Sai Indiya inda ake haɗa ta ta dakatar da fitarwa saboda tata annobar, muka zauna jiran tsammani. Da ta fara zuwa da yawa kuma wasu ƙasashen suka riƙa turo mana wadda ta kusa lalacewa, a Disamba 2021 sai da aka lalata sama da miliyan ɗaya a Abuja a gaban ƴan jarida. Ka ga kuwa mai shakka ya samu abin faɗa.

Maman_Khalifa

Malam na asibiti ka faɗi gaskiya amma ka tsallake dalilin da yasa mutanenmu suke gudun allura, ba jahilci bane kamar yadda ake ta faɗa mana. A garin nan ne a 1996 lokacin sanƙarau kamfanin Pfizer ya sa yara 200 a gwajin maganin Trovan, goma sha ɗaya suka mutu wasu suka nakasa, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano akan dala miliyan 75. Wanda aka haifa a unguwannin da abin ya shafa ya taso da labarin a kunne, sai kazo kace mishi ga allurar Pfizer kyauta? Wanda maciji ya sara in yaga tsumma sai ya gudu. Ni dai nayi, mijina ne ya ƙi, kullum sai ya nuna min bidiyon WhatsApp wai cokali yana mannewa a damtsen wanda akayi wa, nace zo ga damtsena ga cokali, wallahi a ƙasa ya faɗi yara suna ta dariya, amma duk da haka bai je ba sai da ya biya kuɗin kujera a 2022 aka ce Saudiyya bazata bar kowa ya shiga ba sai da katin allura, ranar tun bayan asuba ya tafi bin layi 😂 Shekara biyu ba'a je hajji daga nan ba, 2020 da 2021, aikin da wannan kujerar tayi wajen shawo kan maza duk tallan rediyo bai yi ba.

Tallafi kuma Alhaji kar ka tada min da hankali. A layinmu gida ya fi talatin, aka kawo abinda aka kawo aka ce a raba, wasu gidajen taliya ƙwaya biyu da ɗan ƙullin gero, matan da mazansu suka mutu su aka sa a gaba kuma haka ya dace, sauran muka haƙura. Sai gashi a Oktoban 2020 bayan zanga-zangar EndSARS aka fasa rumbuna a Legas da Jos da Kaduna da Abuja mutane suna fitowa da buhuna da katan-katan ɗin indomi da tambarin CACOVID, wato haɗakar kamfanonin da suka bada tallafin korona, a jiki, gwamnoni suka ce wai ajiya sukayi saboda zagaye na biyu na cutar. Ni da naga wannan a waya kuka nayi don na tuna yadda muka yi azumi. Kuma har yau ban gane ciyar da ɗaliban da aka ce anyi alhali makarantu a rufe suke ba.

Abu_Lissafi

Bari in taɓa tambaya ta uku tunda ita aka bari. Maƙwabcinka yana da rabin gaskiya Alhaji, amma ba korona kaɗai ta kayar damu ba, ta tarar damu ne a ƙasa. Tun Agusta 2019 aka rufe iyakokin ƙasa na tudu, ba'a buɗe ba sai Disamba 2020, kaga baƙinka na Nijar tun kafin cutar hanya ta toshe musu. Fabrairu 2020 aka ƙara harajin VAT daga kashi 5 zuwa 7.5. Sai korona ta karya farashin mai, kasafin da aka gina akan dala 57 ganga ɗaya sai da aka dawo dashi 28, dala tayi wuya, kai kuma kayanka daga Sin ake shigo dasu da dala, wannan shine ya cinye jarin ƴan kasuwar Kantin Kwari fiye da kwanakin kullen kansu.

A takarda an farfaɗo da wuri, tattalin arziki ya ragu da kashi 6.1 a zango na biyu na 2020, wato Afrilu zuwa Yuni, ya sake raguwa da 3.6 a na uku, a na huɗu ya ɗan ɗaga da 0.11 aka ce mun fita daga karayar. Amma a Maris 2021 hauhawar farashi ta wuce kashi 18, na abinci ya haura 22, to mai sayen gero da mudu shi bai ga wata farfaɗowa ba.

Tiriliyan 2.3 ɗin da kake ji shirin kwamitin mataimakin shugaban ƙasa na lokacin Osinbajo ne, kuma abinda mutane basu gane ba shine ba tsabar kuɗi bane aka ajiye za'a raba, wajen biliyan 500 ne kawai daga kasafi, mafi yawan sauran rance ne ta hannun babban banki da wasu hanyoyin. A ciki akwai biliyan 75 na tallafin ƙananan sana'o'i, masu sana'ar hannu irin su tela da direba dubu 30 sau ɗaya, akwai aikin mutum 774,000 wato dubu ɗaya a kowace ƙaramar hukuma ana biyan dubu 20 a wata na wata uku, akwai bashin korona na babban banki da ya fara da biliyan 50 wanda mutane da yawa suka ɗauka a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa sai daga baya suka ga ana zare musu kuɗi ta BVN. Ita kanta gwamnati dala biliyan 3.4 ta ranto daga asusun bada lamuni na duniya IMF a Afrilun 2020. Matsalar yawancin waɗannan shirye-shiryen a intanet ake cikewa, sai kana da BVN, wani sai da rajistar kamfani, mai shayi da mai ƙosai da ɗan dako waɗanda kullen ya fi bugawa sune basu da ko ɗaya. Ƙanina ya cike fom wani ɗan tsakiya yace sai ya bashi kaso in kuɗin sun fito, yaƙi yarda, har yau shiru.

Ɗan_Maraɗi

Salamu alaikum ƴan uwa, mu ma nan Nijar mun gani, an killace Yamai an sa dokar hana hita da dare an ruhe masallatai, matasa sunka tada ƙayar baya a Mirriya da unguwar Lazare ta Yamai har da ƙone-ƙonen taya. Amma mu a Maraɗi abinda ya hi cin mu ruhe iyakar Najeriya ne kamar yadda Abu Lissafi ya ce, Ɗan Isa da Jibiya in babu wucewa to kasuwarmu ta mutu, dabbobi sunka faɗi babu mai saye, wake da aya sunka tsaya a hannun manoma. Allura kuma ta Sin munka fara samu.

Malamin_Asibiti

Hajiya Maman Khalifa ban musa miki ba, Trovan gaskiya ce kuma ita ta taimaka wajen ƙauracewa allurar shan inna a 2003 zamanin Shekarau wadda sai a 2004 aka dawo da ita. Amma ki duba yadda aka ci nasara akan shan inna, sarakuna da masu unguwanni da limamai da mata masu shiga gida gida aka sa a gaba shekara da shekaru har aka tabbatar mun rabu da ita a Agusta 2020, ana tsakiyar korona ma. Waɗannan matan dai su muka koma wa da allurar korona, ranar da mai unguwa ya naɗe hannun riga a ƙofar gidansa akayi mishi a gaban jama'a mun yi wa mutanen da bamu samu a sati guda a asibiti ba. Barazanar da akayi wa ma'aikatan tarayya cewa daga 1 ga Disamba 2021 babu shiga ofis sai da kati ko sakamakon gwaji, abinda ta fi haifarwa shine masu neman kati ba tare da allura ba, ni kaina an sha min tayin kuɗi. Abinda yafi damuna ma yanzu shine a watannin kulle iyaye sun daina kawo jarirai rigakafin yau da kullum, jita-jitar korona ta shafi sauran allurai, sai ga mashaƙo ta ɓarke a 2023 Kano ce tafi kowace jiha yawan masu ita, kuma yawancin yaran ba'a taɓa musu allurar ba ko basu ƙarasa ba. Ba korona kaɗai ta jawo ba dama muna da wannan giɓin, amma ta ƙara shi.

Ɗan_Kwari

Nagode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan nuna wa maƙwabcin nawa duk da nasan zai ce Malamin asibiti na gwamnati ne. Abu Lissafi tambaya ɗaya ta rage, wannan bashin da kace ana zarewa ta BVN, in wanda ya karɓa ya rasu ya ake yi, magada ne zasu biya ko a cikin abinda ya bari za'a cire kafin rabon gado? Akwai yaron shagona da mahaifinsa ya karɓa, yanzu suna shirin rabo kuma babu wanda ya san ko nawa ya rage.