Dan Allah wace kalma za mu riƙa kiran landscaping da ita da Hausa?

Salamu alaikum jama'a. Kwana uku ke nan wannan abu yana cina. Ina rubuta wa ƙanwata bayanin yadda za ta tsara filin da ya rage mata a gidan da ta tare, sai na zo kan kalmar landscaping, sunan wannan aikin na tsara fili da Turanci, na tsaya cak, na rasa me zan rubuta, kuma ba na so in jefa mata Turanci in wuce don wlh ina ganin harshenmu bai rasa abin da zai kira wannan aikin ba, mu ne dai ba mu zauna mun nema ba.

Tun kafin a je ko'ina ma kalmar backyard ta fara ba ni matsala. In ka ɗauko ta kai tsaye ka ce bayan gida, kowa ya san inda hankalin Bahaushe zai tafi, banɗaki zai ɗauka. Don haka wannan a ajiye ta. Ni harabar baya nake cewa, tunda haraba ta ƙunshi duk filin da ke cikin katanga wanda gini bai ci ba. Farfajiya ta fi zama da gaban gida, tsakar gida kuma sunanta ya nuna inda take.

To mu dawo kan babbar. Tunda na fara tambaya a nan an kawo shawarwari kuma na gode wa kowa.

Malam da ka ce aikin lambu, gaskiya kalmar tana da kyau amma tana da nata gurbin, ita ce gardening, wato shuka da ban ruwa da cire ciyawa da zuba taki da aske reshe. Shi landscaping kuwa kafin a sa fartanya a ƙasa ake fara shi. Mutum ne zai fito da tef ya auna filin, ya zana a takarda, ya kwana biyu yana lura da inda rana take faɗowa da safe da inda inuwar katanga take kaiwa da la'asar, domin yawancin kayan lambu suna son rana ta doke su kamar awa 6 a yini, in ka sa su a lungun da inuwa ta riƙe sai su yi ta tsawo siriri ba 'ya'ya. Zai jira a yi ruwan sama ya fita ya ga inda ruwa yake kwanciya da inda yake gangarawa, saboda dole a karkata ƙasar ta yadda ruwa zai guje wa jikin gini. Zai yanke inda hanya za ta bi, ya bar mata faɗin da baro zai wuce, kusan mita 1, sannan kwamin shuka kar ya wuce mita 1.2 a faɗi don hannu ya kai tsakiya daga kowane gefe ba sai an taka an danne ƙasar ba. Inda za a zauna, inda za a shanya, inda yara za su yi wasa, inda famfo zai tsaya, inda za a tara ganye ya ruɓe ya zama taki. Rabin waɗannan ba shuka ba ne ma, dutse ne da siminti da kwata. Ka ga lambu ba ta ɗauke su ba.

Yayata da kika kawo ƙawata gida, na fahimce ki, kuma ita ce da yawa suka goya wa baya. Abin da ya sa na ƙi ta shi ne tana sa mutum ya ɗauka kwalliya ce, a sayo fulawa a jera a gefen katanga shi ke nan. Ni wannan tunanin ne ya cuce ni. Na dasa bishiya kusa da katanga don ta yi kyau daga taga, ban tambayi girman da za ta yi ba, bayan wasu shekaru saiwa ta tsaga katangar ta shiga bututun ruwa, dole na sa aka sare ta, bishiyar da na raina da hannuna tun tana ƙarama. Har yau in na kalli wurin sai na ji ba daɗi. Kyau kam ta yi kyau. Wurin da aka ajiye ta ne bai dace ba, kuma kalmar da muke nema dole ta riƙa tuna wa mutum wannan.

Wani ɗan uwa ya ce shimfiɗar ƙasa. Wannan a bar ta wa landscape ɗin da Allah ya halitta, tudu da kwari da kogi, ta zauna daram a can.

Sai masu cewa a ara kawai a ce lanskefin kamar yadda aka ari mota da kwamfuta. Ba ni da faɗa da aro ko kaɗan, gadina ma ai aro ce kuma ta zauna. Amma mota abu ce da za a nuna maka ka gani, shi kuwa wannan aiki ne da tunani, in tsohuwa ta ji lanskefin ba abin da za ta tsinta a ciki.

Shi ne na je na bi asalin kalmar, kuma a nan ne na samu bakin zaren. Su kansu Turawan Ingila aro suka yi daga mutanen Holan wajajen shekarar 1600, landschap, kuma da farko sunan zanen hoto ne na fili da itatuwa, masu fenti ke amfani da ita. Ɓarin farko ƙasa ne, ɓarin ƙarshen kuma dangin kalmar shape ce, wato siffa. Daga baya ne aka fitar da ita daga jikin allo aka dawo da ita kan ƙasa, irin su Capability Brown, mai tsara filaye a Ingila, wanda ya rasu a 1783, da yake haƙa tafki ya tayar da tudu ya jera itatuwa har mai kallo ya rantse haka wurin yake tun asali. Haka wasu masu tsara filaye biyu, Olmsted da Vaux, da suka ci gasar zana wurin shaƙatawa na Central Park a birnin New York a 1858, fili mai eka 843, a takarda suka fara gama shi kafin a dasa komai. Ashe tun tushe maganar ba wa fili siffa ake yi.

Mu kuwa muna da kalmar da ta fi siffa ma dacewa, fasali. Ai muna cewa gidan nan ba shi da fasali, kuma ba muna nufin ba a kashe masa kuɗi ba, muna nufin ba a ajiye komai inda ya kamata ba. Fasali ya haɗa kyau da tsari a kalma ɗaya, abin da ƙawata ta kasa yi ke nan.

Don haka ni abin da na tsayar shi ne fasalin haraba. Aikin kuma fasalta haraba, mai yin sa mai fasalta haraba, takardar da ya zana kuma zanen fasali. Na gwada ta a baki na ji ta hau: mun gama gini saura fasalin haraba. Kar ka dasa komai sai an fasalta maka harabar. In babban wuri ne irin wurin shaƙatawa na gari sai a ce fasalin fili.

Malam ka sake dawowa ka ce me zai hana tsarin haraba, kuma wannan ce kaɗai ta sa na yi jim. Ba laifi gare ta, zan fahimci duk wanda ya faɗe ta. Sai dai tsari ta yi aiki da yawa, tsarin mulki, tsarin karatu, tsarin iyali, har ta zama ba ta nuna wa ido komai, fasali kuwa da ka ji ta sai ka ga siffar wurin a ranka.

Na riga na tura wa ƙanwata saƙon da fasalin haraba a ciki, ban yi mata bayanin kalmar ba da gangan. Amsar da ta turo ita ce wai to ta ina za ta fara auna filin, daga katanga ko daga jikin ɗaki. Na ce mata daga jikin ɗaki, kuma ta fara sa alama inda bututu da sokawe suke.